Sunan Labo a Tsohon Kundi

Shekara talatin Labo yana dakon goro a Kumasi, sai rana ɗaya aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya koma ƙasarsu. Ya iso garinsu Tajaye da tabarma da buta da tari.

Gonar ubansa na nan, amma gwamnati ta hana a ba baƙo gona, ga damina ta ƙarato. Ya tafi buro, ofishin gwamnati, neman katin ɗan ƙasa. Akawu ya dube shi sama da ƙasa, da tsagar gidansu ɓaro-ɓaro a kumatunsa, ya ce ba a buga hatimi a kan fuska.

"Can an ce ni baƙo na, nan kun ce ni baƙo na," in ji Labo. "To ina ni ka zuwa?"

"Wagga tambaya ba ta buronmu ba ta."

Malam Hayatu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mai fafutukar haƙƙin waɗanda aka koro, ya riga ya rubuta wa gwamnati sau huɗu, yana roƙon a karɓi shaidar dattawan gari a madadin takarda. Sau huɗu aka amsa cewa ana nazari. Nazarin kuwa ya yi nauyi, har gajimare ya fara haɗuwa. Labo ya tsorata ƙwarai.

Hayatu ya matsa, aka buɗe masa ɗakin tsofaffin kundayen zamanin mulkin Nasara da gara ta ci ta rage. Kwana uku yana atishawa, sannan ya tarar: Labo ɗan Jaje na Tajaye, ya gudu daga aikin tilas na hanya, a kamo shi.

Akawu ya karanta, fuskarsa ta washe. Hannun Nasara ne, babu gardama. Ya buga hatimi, har da miƙa wa Labo hannu.

A ƙofa sauran waɗanda aka koro suka yanyame shi, suna tambayar dabara.

"Ku tuna ko kun taɓa yi ma Nasara laihi," in ji Labo.

Wani tsoho, Saminu, ya daɗe yana tunani, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ni dai na yi aikina har ƙarshe," ya ce. "Ban gudu ba."