Kujerar Sixten a Teburin Karta

Magana ta bazu a ƙauyen cewa Sixten na cuta a karta. Wai ya yi wa katunan alama da farce, shi ya sa duk sanda wani ya riƙo masu ƙarfi sai ya kife nasa ya janye, ko tsinken ashana ba a ci a hannunsa. Tsofaffin da ke buga kartar poka, suna caca da tsinken ashana, a zauren taro duk yammacin Alhamis suka yanke cewa wannan makon za a karɓe kujerarsa. Tun rasuwar matarsa, nan kaɗai yake zuwa.

Gunvor, wadda ta koyar da lissafi har ta yi ritaya, aji ɗaya suka yi da shi, kuma ta san ko satar amsa bai iya ba. Ta sayi sabuwar karta a kanti, ranar Alhamis ta kakkaɓe ƙanƙarar takalminta a ƙofar zauren, ta ja kujera.

"Malama ta zo gadin jarrabawa," in ji Helge, mafi ƙarfin murya a cikinsu. "Sixten, ɓoye farcenka."

"Farcen da kai ka ciji rabinsa muna yara?" Sixten ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Aka yage ledar kartar a gaban kowa, aka raba. Alvar mai gadin zauren, wanda shi ma yana cikin masu wasan, ya zuba kofi. Kowa ya juye nasa a ɗan faranti, ya maƙale ƙwayar sukari tsakanin haƙora yana tsotsar kofin ta cikinta, yadda iyayensu suka yi. Gunvor ta ture kwanon sukarin, likita ya hana ta.

Da sabuwar kartar ma haka aka yi. Helge ya tura ashana tsakiya, Sixten ya dubi nasa, ya kife. Helge ya buɗe sarakuna uku, ya ci abin da bai kai a sunkuya a ɗauka ba.

"Kin gani da idonki? Ko sai mun rubuta miki a allo?" in ji Helge.

Gunvor ta ce a sauya wurin zama. Ta sa aka ja labule. Babu abin da ya canza, sai abu ɗaya: da ita ta samu masu kyau, Sixten bai janye ba. Ya bi ta har ƙarshe da 'yan tarkacen da ko yaro zai zubar, ta kwashe ashanarsa. Aka sake, ya sake faɗawa.

"Tsohuwar soyayya ce," in ji Alvar.

Gunvor ba ta kula shi ba. Ta daina kallon hannaye, ta rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Aka raba. Daga ɓangaren Alvar ta ji ƙurus. Sixten ya kife. Zagaye na gaba ƙarar ta fito daga bakin Helge, Sixten ya sake kifewa. Na bayansa kuma shiru, sai tsotson kofi, Sixten ya zauna daram ya ci.

Helge ya ajiye farantinsa. "To, Malama, mu dai mun gama shawara. Sai ki faɗi naki."

Sixten ya riga ya miƙa hannu ga hularsa.

"Zauna," ta ce masa. Ta juya ga sauran. "Babu alama a katin. Duk wanda ya samu masu kyau a cikinku tauna sukarinsa yake yi, shi kuma yana ji."