Manifol Daga Turken Akuya

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, takarda ta iso wa Arzika, direban motar ɗakin shan magani na ƙauyensu. Ranar Litinin za a duba motocin hukuma a Shagari. Wadda ba ta zo da ƙafarta ba za a yi gwanjonta, direbanta kuma ya kama gabansa. Shekara goma sha ɗaya Arzika yana riƙe da sitiyari, ko gonar gado ba shi da ita.

Motar kuwa sati uku tana kwance a Boɗinga, a rumfar Maniru makanike. Kyauta ce daga ƙasar waje, mai tarbo, na'urar nan da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Manifol ɗinta ne ya tsage, wato ƙarfen nan mai baki huɗu da ke raba wa inji iskar. Sabo kam ko a Sakkwato babu.

Da kyar suka samo tsofaffi biyu. Ɗaya yana ta ƙyalli, an ciro shi daga motar wani ɗan siyasa da ya faɗi zaɓe. Ɗayan a Danchadi Arzika ya tsinto shi, wani mai lambun albasa yana ɗaure akuya da shi, duk ƙasa da kashin awaki. Gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin manifol da inji, ɗaya ya rage wa Maniru, in aka ɗaura ba daidai ba shi ke nan, ba sakewa. Su biyun duk mai ƙyallin ya tafi da hankalinsu. Maza da abu mai walƙiya, sai dai a yi musu addu'a.

Ana cikin haka Hajjo, matar Arzika, ta biyo daga kasuwa da sabon tulu a ka. Ta ga ƙarafa biyu a tabarma, hannunta ya yi abin da ya saba yi wa tukwane kafin ta saya. Ta ƙwanƙwasa mai ƙyallin da zobenta, ta karkata kunne. Ta ƙwanƙwasa na akuyar, ya amsa rau.

"Malam, wanga mai kyawon tsagagge na," in ji ta. "Da tulu na, ko kyauta ba ni ɗauka."

Maniru ya yi dariya, ya ce inji ba randar ruwa ba ne. Arzika bai yi dariya ba. Shekara ashirin tana sayo musu tukwane, bai taɓa ganin ɗaya ta yi yoyo ba. Ya nace a gwada. Maniru ya toshe bakunan da totuwar masara, ya shafe ƙarfen da kumfar sabulu, ya hura iska da famfon taya. Nan take kumfa ta fara tsiri a ƙarƙashin mai ƙyallin, kan wata tsaga da ba ta kai sili ba. Na akuyar ko motsi. Maniru ya sosa ƙeya, ya shiga wanke kashin awaki don ya ɗaura na akuyar.

Da hantsin Litinin Arzika ya hau titi da motar. Ya taka a hankali, sannan ya ƙara. Sai ya ji wani siririn fito ya taso daga inji, motar ta zabura ta manna shi da kujera. Ya wuce wata tirela, ya kama kansa yana dariya shi kaɗai kamar zautacce.

A Shagari motoci tara aka kira, shida da igiya aka jawo su. Jami'in dubawa, wani Malam Sulaimanu, ya riga ya ja layi a kan lambar Arzika. Ya zagaya motar, ya sa aka tayar, ya saurara. Sannan ya goge layin, ya miƙo mabuɗi.

"Gobe akwai rigakafi Kajiji. Kada ka makara."

Arzika ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa don murna. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni zan riga kowa."