Damin Gayaunar Asibi

Zane biyu, takalmin roba, man zafi na Goggo, wasiƙar Baba, da katuna talatin ɗaure da zare. Iyakar abin da Lidiya ta ɗauko daga Kano ke nan. Motar ta baro Ƙanƙara da hantsi, shaƙe da kwanon rufi da sababbin kekuna, kowa a cikinta yana zancen abu ɗaya: Mati na wajen Tafoki ya yi dubu, za a naɗa shi Sarkin Noma. Wani ya ce har daga Sabuwa an ɗauko makaɗa. Ba wanda ya san ɗiyar Matin ce zaune a kan buhun gishiri, ita kuma ba ta faɗa ba.

A al'adar mutanensu, wanda ya tara dami dubu a kaka ɗaya ba ya ci shi kaɗai. Zai tara jama'a, a dafa giya, a yi ta tuƙa tuwo kwana uku, abin da ya saura a raba wa duk wanda ya zo har rumbuna su koma fayau. Sannan a ba shi sarautar. Shekara talatin Mati yana bin ta. Bana takin zamani ya kawo shi kusa, gandun gida ya ba da ɗari tara da ashirin. Cikon tamanin daga gayaunar Asibi ya fito, 'yar gonar da marigayiyar ta bar wa ɗiyarta Lidiya, wadda Goggo Tani ke nomawa da sunanta. Amfanin gayauna kuwa mai gida ba ya taɓa shi sai mai shi ya yarda a gaban mutane. Abin da wasiƙar ta ƙunsa ke nan: ta zo ta ce ta yarda.

Ta iske gida ya cika da tukwanen aro. Rumbuna sun ƙi ɗaukar ƙari, don haka damin gayauna a ɗakin uwarta aka jibge shi har rufi. Goggo ta karɓi man zafinta, ta duba ta sama da ƙasa, ta ce birni bai ƙara mata ko tsoka ɗaya ba.

Da la'asar Lidiya ta sami Baba a gindin ɗorawa tare da ƙanensa Ɗanliti. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta kwance katunan ta jera a kan tabarma. Ta ce a wurin aikinta na duba yanayi akwai ƙwallon gilashi mai tattara hasken rana ya ƙona kati, kowace rana kati ɗaya. Na hannun dama na bara ne, na hagu na bana, duka na ranakun da babu hadari. Ƙunar bara ta huda takarda tun da sassafe. Ta bana sai rana ta ɗaga take kamawa, kuma tun kafin faɗuwarta ta saki.

Mati ya ɗaga ɗaya ya leƙa sama ta cikin hudar. Ya tambaye ta wa ya rage wa rana wuta.

Ta ce wani dutse ne a wata ƙasa ana ce mata Meziko, can bayan teku. Kafin faɗuwar ruwan bana ya fashe, ya hallaka na kusa da shi, ya watsa hayaƙi sama inda ruwa ba ya kaiwa balle ya wanke shi. Iska ta zagaya duniya da shi. Malamanta a Nairobi sun koya musu cewa irin wannan lulluɓi yakan rage zafin da ke jawo damina daga kudu, ruwa ya zo a makare ko ya ɗauke hatsi na tsakiyar fure.

Ɗanliti ya yi dariya har da dukan cinya. Ya nuna dutsen bayan gidansu da haɓa. "To ga namu nan, tun kakanni ko tari bai taɓa yi ba. Shi ba ya da tsiya, sai na wasu?"

"Baba Ƙarami, na wasun ne ya yi."

Mati bai yi dariya ba. Ya tambaye ta ko ta tabbata baɗi ba za a yi ruwa ba. Ta ce ba ta tabbata ba, kuma duk wanda ya ce ya tabbata ƙarya yake. Abin da ta sani, shekarar da ake shakkarta ba a shigarta da rumbu wofi. Ta tuna masa farin da aka yi shekara tara da suka wuce, lokacin da gidan nan ya ci dusa, aka binne yara biyu a wata ɗaya. Ya ce bai manta ba, shi ya haƙa ramin. Amma ya riga ya aika goro Daudawa da Ketare, an jiƙa dawar farko, kuma gwiwarsa ta gaya masa ba zai sake ganin wata dubu ba.

Rana ta faɗi suna zaune. Yamma ta yi ja wur, jan ya ƙi gushewa har kaji suka gama hawa. Ɗanliti ya ce ai tun bazara haka take yi, kuma kyau ne, sama ma ta yi wa yayansa lalle.

Lidiya ta koma wurin Goggo, wadda ke tankaɗe a bakin murhu. Tsohuwar ta ji komai ta bayan danga. Ba ta tambayi inda Meziko take ba. Ta tambaya dai, in ruwan ya zo lafiya lau fa? Lidiya ta ce to ta jawo wa ubanta kunya a banza, kuma za a riƙa nuna ta da baki har ta mutu. Goggo ta kaɗe rariya ta ce dami tamanin, in an iya tuƙi, zai kai gidan nan wata biyar.

Da safe dattawa huɗu suka zo ƙidaya, da Gide a gaba, wanda shi ke shaida dubu a yankin. Suka bi rumbu rumbu, Gide yana jefa tsakuwa a ƙwarya duk dami goma. Mata suna leƙe, makaɗi ɗaya da ya yi sammako yana ɗaure gangarsa. Da suka iso ɗakin Asibi suka tarar da Lidiya tsaye a bakin ƙofa. Gide ya yi mata tambayar da aka saba, da murmushi, don bai taɓa jin an amsa ta da wani abu daban ba: mai gayauna ta ba mai gida?

"Ban ba da ba, Baba Gide."

Ya ɗauka bai ji daidai ba, ya maimaita. Ta maimaita. Ɗanliti ya fara faɗa, yana cewa an kai ta makaranta ta dawo tana tsoron dutsen da ko a mafarki ba ta gani ba. Mati ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Ya tako har gabanta, ya yi magana ƙasa ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ɗiyata, kin san in babu wanga tamanin babu dubu."

"Na sani, Baba."

"Kuma babu bikin."

"Shi ma na sani."

Gide ya dubi ƙwaryarsa ya ce shi abin da ya ƙirga ɗari tara da ashirin ne, ba zai shaida abin da bai cika ba.

Lidiya ta shiga ɗakin, ta matsa tsakanin damman, ta jawo ƙofar kwano ta rufe, ta tokare ta da taɓarya. Daga ciki ta ce, da murya daidai yadda kowa zai ji, ko zangarniya ɗaya ba za ta fita daga nan ba sai geron baɗi ya nuna.