Ƙibar Khwezi

MaNdwandwe ta shekara goma sha tara tana soya magwinya, wato fanke, a ƙofar makarantar firamare ta unguwarsu a Edendale, kuma tun da jikarta Khwezi ta yi haƙori, fanken da ya fara fitowa daga kasko na yarinyar ne. Uwar Khwezi, Busi, ta rasu yarinyar tana wata bakwai. Ciwon nan da ya kwashe matasan unguwar ne ya tsotse ta, har ta kai MaNdwandwe kan ɗaga ta ita kaɗai ta canza mata zanin gado. Tun ranar da aka binne ta, tsohuwar ba ta ƙara son ganin ƙashi a jikin wani nata ba.

Khwezi ta taso jiki a murje. Shekararta goma, amma rigar 'yan sakandare ake saya mata. Matan coci kan ja kumatunta su ce, "MaNdwandwe, kin iya kiwo!" Ita kuwa sai ta washe baki, a hanyar gida ta saya wa yarinyar lemon kwalba.

Wata Laraba da hantsi aka aiko mata daga cikin makaranta cewa Khwezi ta yanke jiki ta faɗi a filin wasa. A asibitin unguwa, nas mai suna Sista Hlongwane ta ɗora ta a ma'auni, ta huda mata yatsa, sannan ta leƙa bayan wuyanta, inda fatar ta yi baƙi. MaNdwandwe ta daɗe tana dirzar wurin da soso.

"Gogo, wannan ba dauɗa ba ce," in ji Sista, tana kiran ta kaka da harshensu. "Ciwon suga ne ke sallama."

"Suga? Ai wannan namu ne na tsofaffi."

"Yanzu har yara yake kamawa. Kuma jininta ya yi ƙasa."

"Haba 'yar nan! Ki dubi wannan jikin ki ce babu jini?"

"Cikinta yana cika, Gogo, amma abin da jikin ke nema ba ya shiga."

Ta ba su ƙwayoyin ƙarin jini da na bitamin, ta ja kunnen tsohuwar cewa ƙwaya ba ta rage ƙiba, sai an gyara tukunya. Duk Alhamis MaNdwandwe ta riƙa zuwa darasi tare da iyaye mata sa'o'in Busi. Aka nuna musu faranti: rabi ganye, tuwon masara kada ya wuce dunƙulen hannun yaro, sauran wake ko kaza. Lemon kwalba kuwa a manta da shi.

Makon farko Khwezi ta dubi farantin ta dubi kakarta. "Gogo, laifin me na yi miki?"

"Ba ki yi komai ba, 'yar lelena. Ci. Ni ma ga nawa, iri ɗaya."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne lokacin tara. Khwezi ta fito tare da yara, ta miƙo hannu kamar kullum, MaNdwandwe ta saka mata lemon ɓawo. Wata yarinya ta fashe da dariya. "Yau an kori giwa daga kasko!" Khwezi ta juya ta koma cikin makaranta. Washegari tsohuwar ta kwashe kaskonta ta koma tashar mota, inda ba ta san kowa ba.

Bayan wata biyar Khwezi ta daina haki in ta hau gangaren gidansu. Rigarta ta fara yi mata yawa, ƙashin wuyanta ya leƙo. Wata Lahadi bayan an tashi coci, maƙwabciyarsu MaZondi ta ja MaNdwandwe gefe, ta rage murya.

"Yaya, kin kai yarinyar nan gwaji kuwa? Haka fa Busi ta fara."

MaNdwandwe ba ta san yadda ƙafarta ta kai ta gida ba. Ko kayan coci ba ta cire ba ta kwaɓa fulawa, ta ɗora mai. Ta cika kwano, ta ajiye gaban Khwezi.

"Ci."

"Gogo, ai Sista ta hana."

"Na ce ki ci!"

Khwezi ta ga hawaye yana bin fuskar kakarta, sai ta ɗauka. Ta ci ɗaya, ta ci biyu, tana haɗiyewa da ƙyar, idonta a kanta. "Kin gani, ina ci. Ki daina kuka." A nan MaNdwandwe ta janye kwanon, ta rungume ta, suka daɗe a haka.

Ranar Alhamis ta faɗa wa Sista Hlongwane komai. Sista ta buɗe katin yarinyar. "Gogo, sau uku aka gwada ta tun tana jaririya. Ba ta da ciwon uwarta."

"Na sani," in ji MaNdwandwe. "Idona ne ya ƙi yarda."

Ba ta sake soya fanke a gida ba. Duk da haka sugan bai tafi ba, kafin ƙarshen shekara likita ya ƙara wa Khwezi ƙwayar da za ta riƙa sha safe da yamma. Da aka gaya musu, MaNdwandwe ta tambaye shi ko da ta zo tun shekara uku da suka wuce da an kauce wa haka. Likitan ya ce mai yiwuwa. Ta gode masa, ta karɓi maganin, ta kama hannun jikarta suka fita neman motar gida.