Rikoda a Gidan Kitso

Duk lokacin da Baraka mai kitso ta ce layi ya zo kanta, sai Saudatu ta sunkuyar da kai ta ce a yi wa wata tukuna. Ba ta isa ta cire hijabi ba. A ƙarƙashinsa akwai 'yar rikoda da ta ɗaure a ciki da tsohon ɗankwali, kaset yana juyawa, ita kuwa gani take duk matan da ke tsakar gidan suna jin ƙararsa.

Babu wadda ta ji. Wa zai kula da Saudatu? Duk unguwarsu a Gummi an san ta da kunya, ko gaisuwarta sai an kasa kunne.

Aikin yayanta ne, Zakariyya, ɗan aji uku mai karatun kimiyyar harshe a jami'a. Malaminsu ya raba wa ɗalibai aikin hutu, kowa ya koma garinsu ya ɗauko maganar mutane a kaset. Wani aka ba shi mahauta, wani masunta, shi kuma aka ba shi hirar mata. Da ya ce a garinsu namiji ba ya shiga gidan matan aure, malamin ya tambaye shi ko ba shi da ƙanwa. Ya kuma ja musu kunne kada wanda ake ɗauka ya sani, wai da mutum ya ga rikoda sai ya gyara harshe ya koma Hausar rediyo.

Saudatu ta ce ba za ta iya ba. Ya ce jan maɓallin kawai za ta danna. Ta ce to a gaya wa Baraka. Ya ce ita da ta tsaya a firamare ba za ta gane ba, su ba ruwansu da abin da mata ke faɗa, yadda suke faɗa ake nema. Inna ma ta sa baki, ta ce an sha wahalar karatun nan, a taimaki yaro ya gama.

Hirar ta fara daga tsadar manja, ta bi ta kan wani biki da aka yi a Nasarawa Burkullu. Can sai Ramlatu matar Magaji, wadda kanta ke kan cinyar Baraka, ta yi ajiyar zuciya.

"Wallahi Baraka, rumbun Magaji ko zangarniya babu. Tuwon da yaka kaiwa zaure shina kiran mutane su ci, dawar gidanmu ta. Cikin kwanon wanki ƙanwata ka kawo ta, da tsummokara bisa, don kar a gani."

Larai, wata maƙwabciya mai barkwanci, ta ce ashe shi ya sa miyar gidan ke ƙamshin sabulu. Aka kwashe da dariya, har Ramlatu ta yi tana share ido da bakin zane. Baraka ta ja gashin ta ce abin da aka faɗa a nan, a nan ya tsaya.

Saudatu ta laluba maɓallin ta saman hijabi, ta kasa gane wanne ne. Kaset ya ci gaba da juyawa.

A gida ta roƙi Zakariyya ya goge wurin. Ya saurara ido rufe, yana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa. Ya ce ai nan ne Hausar ta fito zalla, amma ta kwantar da hankalinta, daga shi sai malam za su ji.

* * *

Malam ya ji, ya yaba. Saboda yabon ne ma ya ɗauki kaset ɗin ya shiga da shi babban ɗakin lacca, ya sa a lasifika. Ya riƙa mayar da maganar Ramlatu baya yana sake sakawa, don ɗalibai su lura da yadda matan Gummi ke furta kalmomi. Ɗalibai suka lura da kwanon wanki. A cikinsu akwai Abdulwahabu, ɗan unguwar su Magaji, wanda ya sha cin tuwo a zauren nan. Da ya zo gida ya ba abokansa labari don a yi raha.

Ran kasuwa samari suka fara tambayar Magaji ko wanki ya iso. Ya koma gida ya ce wa Ramlatu ta tafi ta ci dawar a inda ake noma ta. Ta fita da goyo, manyan yaran ya riƙe su.

Matan unguwa ba su sha wahalar bincike ba. Mutum ɗaya ce ta wuni a gidan kitso ran nan ta tashi ba a taɓa kanta ba.

* * *

Zakariyya ya zo da sababbin kasakasai da batura, fuskarsa a sake. Ya tarar da Saudatu tana tankaɗe kusa da Inna.

"Yaya, an kori Ramlatu."

"Na ji, ban ji daɗi ba. Amma ni ban rubuta sunan kowa ba."

"Sunan mijinta na cikin kaset."

Ya ce wannan kuskuren malam ne, ba nasa ba. Ya zauna ya shiga bayani: malam ya ce da wannan aikin zai rubuta kundinsa na gama karatu, sai dai kaset ɗaya ya yi kaɗan. Ana son hirar gidan suna, da ta wurin daka, in da hali har da ta gidan rasuwa. In bai kai ba, sai ya maimaita shekara.

Saudatu ta ajiye rariya. Haushi ya cika ta har muryarta ta fito fiye da yadda ta saba. Ta tambaye shi, duk shekarun nan da suke koyon maganar mutane, babu ranar da ake koya musu su nemi izinin mai maganar?

Ya yi ɗan tunani. "Akwai darasin. Amma sai a aji huɗu ake yin shi."

Ta ɗauki rikodar daga kan tabarma ta ɗora masa a cinya.

"To ka kai ma malam. Shi sa hijabi shi taho da kai nai."

Inna ta ce, "Ke Saudatu, yayanki na hwa." Sannan ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗen da aka bari.

* * *

Washegari Saudatu ta tsefe kanta, ta yafa siririn gyale wanda ba ya ɓoye komai, ta nufi gidan Baraka. Tun daga zaure take jin dariyar Larai. Tana yin sallama dariyar ta yanke.

Aka amsa mata. Ta durƙusa ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Baraka ta nuna mata tabarma da tsinken kitso ta ce, "Zauna." Ba a sa ta jiran layi ba.

Baraka ta tsaga gashin, ta shafa mai, ta fara. Hannunta bai yi mugunta ba, bai ja da ƙarfi ba. Mata biyar na zaune a inuwa, wata na gyaran zogale, wata na ba ɗa nono, kowa idonta na kan abin da ke hannunta. Saudatu na jin numfashin Baraka a wuyanta, da kukan akuya daga gidan maƙwabta.

Kitson ya yi kyau ƙwarai. Da ta tashi ta yi godiya, suka ce ta gaida Inna. Sai da ta kai bakin zaure ta ji an ci gaba da magana, ƙasa-ƙasa.