Igiyar Jakin Baba Rangel

Wutar ƙauyenmu mai layi ɗaya ce tun da aka kafa turaku, injinan kafintancin Baba Rangel kuwa, da ya kwaso daga wata masana'anta da ta rufe, sai da layi uku suke tashi. Baba bai tsaya jiran gwamnati ba. Ya samo wani tsohon inji ya ɗaure a ƙasan shago, ba ya yanka komai, juyawa kawai yake yana haifar wa sauran injinan layukan wutar da babu. Jaki muke ce masa, don ba ya motsi sai an naɗa masa igiya an fizga, sannan a danna makunni.

Duk safiya in Jaki ya tashi, ƙwan lantarkin kicin sai ya dushe ya dawo. Da haka Mama ke sanin lokacin ɗora kofi ya yi.

Ranar da Baba ya rasu na baro motar hayata a Plovdiv, yayana Delcho ya taho daga Burgas. Akwai katakon itacen ceri da Baba ya jingine a rufin shago tun muna samari, ya ce da shi za a yi masa akwatin gawa. Akwatunan birni kuwa, cewa yake ko kaza ba zai binne a ciki ba. Fadan cocinmu ya sa jana'iza da azahar washegari. In ba mu gama ba, na birnin za a kawo.

Gari na wayewa muka shiga shago. Ƙamshin nan na garin katako da man inji ya buge ni, sai da na dafa bango. Delcho ya naɗa igiya, ya fizga, na danna. Jaki ya ɗauka da gurnaninsa na da. Muka tura katako a injin gogewa, inji ya tofo mana shi, saura ƙiris ya karya wa Delcho gwiwa.

"Kai, Parvan, me ka taɓa?"

"Ni? Yaya, kai dai ka manta aikin, hannunka ya saba da biron ofis."

"Direban da ko taya ba ya iya canzawa ne zai koya mini?"

Muka kashe, muka sake, ya sake tofowa. Muka kunna zarto, shi ma haƙoransa baya suke gudu. Delcho ya fara kwance wayoyi yana zagin wanda ya ƙera injin, ni kuma ina kallon rana tana hawa. Tsoro ya kama ni sosai, kada abu ɗaya da mutumin nan ya roƙe mu ya gagare mu.

Mama Nedyalka ta leƙo da baƙin ɗankwalinta, ta tsaya tana kallon Delcho yana sake naɗa igiyar.

"Mayar da wayoyin nan yadda ka same su. Ku biyu ƙattin banza, jiya-jiya ya tafi har kun manta ubanku bahago ne?"

Muka kalli juna. Duk inda aka fizga Jaki, can yake juyawa, can kuma sauran injinan ke binsa. Baba ya ɗaura komai na shagon a kan naɗinsa na hagu.

Delcho ya miƙo mini igiyar. Sandar da ke bakinta ta lotsa daidai inda babban yatsan Baba ke zama, nawa na hagu ya faɗa ciki. Na naɗa ta baibai, na fizga, ya danna. Katako ya shige sumul, ya fito ja yana sheƙi.

Muna kan katako na uku ƙofa ta buɗe. Mama ce da faranti, ta ga ƙwan kicin ya dushe ta ɗora kofi. Sai da ta ajiye a kan teburin aiki ta lura kofuna uku ta zuba, har da na Baba.