Bai Bushe Ba

A gidan sayar da gas na ababen hawa, Surajo ya murɗa famfon gwaji karo na uku, layin da ke allon na'urar ya sake yin tozo. Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Wani haske ne da ido ba ya gani take ratsa matsattsen gas ɗin da shi, kowane sinadari ya sha nasa kason, abin da ya rage ya zana layi. Ruwa ma da nasa wurin, kuma yau tozonsa ya haura jan layi.

Wata biyu ke nan da binne ƙaninsa Usaini. Tukunyar gas ɗin adaidaita sahunsa ce ta fashe a hanyar Bunkure, aka ce tsatsa ce ta cinye ta daga ciki. Tun ranar Surajo yana ci, yana salla, yana zuwa aiki, amma ba ya jin komai.

Bilya manaja ya leƙo. Shi mutum ne da ko gobara ake yi sai ya tambayi wa zai sa hannu.

"Injiniya, leƙa ka ga layi. Daga nan har gadar kanal ɗin noman rani, duk adaidaita ne ɗauke da tumatir, ga rana ta take. Ɗan danshi ne fa. Sa hannu mu buɗe."

"Waɗanda suka kawo gas ɗin nan ba su busar da shi ba," in ji Surajo.

"To ka faɗa wa babanka. Kekuna uku na farkon layi kayansa ne."

Ba a jima ba Malam Maharazu ya shigo, ƙafarsa duk taɓon gona. Ya dubi allon kamar mai duba rubutun likita.

"Surajo, me ya hana?"

"Da ruwa a ciki, Baba."

"Algus suka yi? Ruwa a iska?"

"A'a. Kamar shinkafa ne. Bai bushe ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Shekara arba'in yana gwada shanshera, shinkafar da ba a casa ba, da haƙori kafin ya yarda a ɗura ta a buhu, wannan bayanin bai buƙaci ƙari ba.

"In aka ɗura a haka fa?"

"Ruwan zai kwanta a tukunya. Ba yau zai nuna ba."

"Sai ya yi tsatsa."

"E."

Malam Maharazu ya kai ɗan yatsa kan tozon, a hankali.

"Lokacin da Usaini yake shan gas a nan, na'urar ta taɓa nuna haka?"

Surajo ya daɗe yana jiran wannan tambayar, ya ɗauka ranar da ta zo zai yi kuka. Ga mamakinsa, muryarsa ta fito daidai.

"Sau huɗu, bara. Layi ya yi tsawo, na sa hannu."

Bilya ya sunkuyar da kai ya fice. Daga waje ana ta danna hon. Tsohon ya daɗe a tsaye, bai dubi ɗansa ba. Sai ya ɗauki biron da ke kan takardar izinin buɗewa, ya jefa a aljihun rigarsa, ya fita.

Ta taga Surajo ya hango shi yana magana da direbobinsa.

"Ku tura su gida," in ji tsohon. "A yanka, a shanya, a yi kauɗa. Sai ya bushe sosai za a kwashe."